Shagon giros a Filato: masu saye sun canza, me za a rage?

Mai_Kula_da_Shago:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin gidan abinci a Filato, nan Yamai, na iyalin wani ɗan Girka. Giros muke yi (naman da ake jerawa a ƙarfe mai juyawa a gasa, a yanko a naɗe cikin gurasa) da suflaki (tsiren Girkawa) da salak mai cukun feta. Tun 2023 Turawan unguwar suka ragu, yanzu masu wucewa ma'aikata ne da ɗalibai, kuma suna cewa mun cika tsada. Masu shagon ba sa son a taɓa girkin mahaifinsu. Mu koma shawarma kamar kowa, ko da wata dabara?

Baba_Mai_Gashi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara duba ƙarfen gashinka kafin ka duba farashi. Idan har yanzu kana jera kilo 15 kamar lokacin da ake layi, nan kuɗin ke zurarewa. Wuta bayan naman kawai take gasawa, cikinsa ɗanye ne mai ɗumi, kuma a zafin Afrilu da Mayu ba ya jure yini. Jera kilo 4 zuwa 5, wanda zai ƙare cikin awa 4, sauran ya zauna a firigo. In ya ƙare ka ɗora wani.

Cinyar kaza za ka sa, ƙirji bushewa yake. Kowane kilo gishiri giram 12 zuwa 15, tafarnuwa, origano (wani ganyen ƙamshi), ruwan lemun tsami da markaɗaɗɗiyar albasa, 'yar Galmi ta wadatar. Ya kwana a ciki. Abin da ka yanko ka sake juya shi a kasko mai zafi kafin ka naɗe. Wanda ya rage a ƙarfe da dare kada ya koma gobe. Kuma injin ya zama na gaz, don kuran, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne.

Hajiya_Yantala:
Kada ku koma shawarma, masu ita sun fi ku iyawa kuma sun cika gari. Abu biyu ne ya bambanta ku da su, miyar tsatsiki da gurasar pita, duka kuwa ba sai an shigo da komai daga waje ba.

Tsatsiki: kindirmo lita 2 marar sukari, a zuba a farin ƙyalle mai tsabta bisa rariya, ya kwana a firigo. Kusan rabi zai tsiyaye, a samu wajen kilo 1 mai kauri. A goge kokwamba babba ɗaya, a barbaɗa gishiri, bayan minti 20 a matse ta sosai da hannu. Nan mutane ke kuskure: in ba a matse ba, kafin azahar miyar ta tsinke, ta jiƙa gurasa har ta yage a hannun mai ci. Tafarnuwa ƙwaya 3 ta isa, don ƙarfinta ƙaruwa yake in ta kwana.

Pita: fulawa kilo 1, ruwa mililita 620, yis giram 10, gishiri giram 18, mai cokali 3. Zai ba ka kamar guda 16. A kasko ake gasa ta Girka, ba ta da aljihu, ninke ta ake yi.

Man zaitun a bar shi ga miya kaɗai, suya da man gyaɗa. Feta kam ku cire ta daga abincin kullum, sai mai oda.

Akanta227:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai matsalar ba ta kicin ce kaɗai ba, iyalin ne. Ku tuna masu cewa Girkawan da suka yi ƙaura Ostireliya a shekarun 1950 da 1960 da yawansu soyayyen kifi da dankali suka sayar a shagunansu, abin da maƙwabta ke ci. Sunan gidan da giros na asali su tsaya yadda suke, a ƙara ƙarami kusa da shi: nama giram 70 maimakon 130, firit (soyayyen dankali) a ciki, yaji a gefe. Auna kowane naɗi a sikeli, kada kayan ciki su wuce kashi 35 cikin 100 na kuɗin sayarwa. Ka rubuta cinikin mako 4, babba da ƙarami daban, ka kai masu takardar. Ɗan tsakar rana shi ne naka yanzu, daga 12 zuwa 3, don haka a fara gashi da 11.