An rubuta wat 100, mita ta ce 14

Habu PZ: Assalamu alaikum. Jama'a, a gaya wa masu sayar da kayan sauti su ji tsoron Allah. Ƙananan fanel ɗin amfilifaya na dijital da suka cika shaguna daga Sabon Gari har Tudun Wada, an buga wa kwalinsu 2×100W, kwamitocin masallatai na ta saye suna jonawa da batirin sola. Abin da ke ciki ai-si ne, wato guntun lantarkin da ke ƙara sautin, mai lamba TPA3116D2, ƙwaya ɗaya. Ga yadda awon yake: batir a bolt 12.4, rizisto mai om 4 wat 100 a madadin lasifika, sautin gwaji na haz 100 daga waya. A yi ta ƙara murya har kan igiyar ya fara bajewa a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar igiyar, sannan a ja baya kaɗan. Mita ta tsaya a bolt 7.6. To 7.6 sau 7.6 a raba gida 4, wat 14 da 'yar ɗoriya. Ina sauran 86 ɗin? Wannan ba ha'inci ba ne?

Injiniya Samaru: Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin a je kan wat, wannan abu amfilifaya ne na ajin D, ba dijital ba ne. Harafin D ya biyo bayan A, B da C ne kawai. A cikinsa ana gwama sautin da ya shigo da wata igiya mai hawa da sauka da sauri, sai a samu bugu mai faɗi ko siriri gwargwadon ƙarfin sautin, wato PWM. Faɗin bugun yana iya zama kowane adadi, ba matakala gare shi ba, ba kuma lamba ake ƙirgawa ba. Tun 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar da X-10, kuma ajin D ne.

Oga Sale Kwangila: Ranka ya daɗe Injiniya, abin da yake kunnawa ya kashe sau dubu 400 a daƙiƙa ɗaya, ko cikakkiyar wuta ko babu, in ba dijital ba sunansa me?

Injiniya Samaru: Ashe cajar wayarka ma dijital ce, tunda ita ma haka take datsa wuta.

Oga Sale Kwangila: To TAS5805M fa? Shi ma Texas Instruments ne suka yi, ajin D ne, kuma I2S, wato sauti a lambobi, yake karɓa kai tsaye, babu inda sautin analog ya shiga.

Injiniya Samaru: Ƙofar shigarsa ce dijital. Wajen fita taransisto ne na MOSFET da kwayil kamar kowa. Kuma ba shi ne a hannun Malam Habu ba.

Nura Kongo: Oga Sale ya fi gaskiya, kowa a kasuwa dijital yake cewa. Ku na jami'a ba a taɓa kawo magana ku bar ta ta wuce ba ku sa mata jan biro ba.

Malam Isiya Gaskiya: Nura, kasuwa ce ta rubuta wat 100 ɗin ma, sai mu bi ta?

Nura Kongo: Allah gafarta Malam, kai ma ai layinsu ɗaya kake.

Malam Isiya Gaskiya: Ni mitar ce ta dame ni. Habu, wace iri ce? Mita mai araha ba RMS na gaskiya, wato ainihin ƙarfin bolt mai hawa da sauka, take aunawa ba, matsakaici take ɗauka ta ninka, kuma da an wuce haz ɗari huɗu ko makamancin haka sai ta fara rage lamba. Ka kyauta da ka sa haz 100 maimakon 1000. Amma ajin D yana barin ragowar bugun nan na kilohaz 400 a bakin fita ko da babu sauti, shi ya sa a ɗakin gwaji ake sa matatar da ke yanke duk abin da ya haura kilohaz 20, irin ta ƙa'idar AES17, kafin a karanta gurɓatar sauti, THD+N. In babu ita, lambar gurɓata za ta fito da muni fiye da abin da kunne zai ji. Sannan a kula, masu koyo: wannan ai-si BTL ne, wato haɗin gada, duka wayoyin lasifikar biyu masu wuta ne, baƙar ma ba at ba ce, wato ba wayar ƙasa ba ce. Ka maƙala mamatsin at na osiloskof a kanta alhali na'urorin biyu sun haɗa at, ka yi wa rabin gadar shot. In ka yi sa'a ai-si ya kashe kansa ya kare, in ba ka yi ba ka sayi wani. A sa furob biyu, ɗaya kan kowace waya, a debe na biyu daga na farko.

Habu PZ: Furob biyu aka sa, Malam. Mitar kuma True RMS ce.

Baba Ɗanjuma: Yaran nan, duk wahalar banza kuke. Ku kawo ajin AB, taransisto 2SC5200 da 2SA1943 da taransifoma mai nauyi ku ji sauti mai nama. Ko TDA7294. Waɗannan 'yan fanel ɗin sai tsiwa a sama, kamar ana kaɗa gwangwani.

Oga Sale Kwangila: Baba, da girmanka, ajin B ko a takarda bai wuce kashi 78.5 cikin ɗari ba, AB kuma ƙasa da haka, a muryar da ake saurare kullum ma ƙasa sosai. Sauran duk zafi ne a hitsink, ƙarfen sanyayawa. Ajin D yana haura kashi 90. Mai batir ɗaya da zai kira Asuba bayan an kwana babu wuta, wanne zai ɗauka?

Injiniya Samaru: Tsiwar da Baba yake ji tana da dalili, ba laifin ajin ba ne. Matatar fita da aka saba sa wa wannan ai-si kwayil ce mai 10µH da kafasito 680nF, tana yankewa wajen kilohaz 61. Yadda take amsa sautin sama ya dogara da om ɗin lasifika: a om 4 saman yana ɗan sauka, a om 8 ko 16 yana ɗagawa, kuma bututun masallaci da yawa om 16 ne. Wasu fanel ɗin kuma kwayil ɗinsu ƙanana ne ƙwarai, da kwarara ta kai amfiya uku ko huɗu sai zuciyar ta cika, ƙimarta ta faɗi, gurɓata ta tashi, kwayil ya yi zafi. A canza su da masu ɗaukar amfiya 5 zuwa sama a sake saurare.

Baba Ɗanjuma: Ka ga ni nawa ba ya buƙatar a canza masa komai. Kuma bai taɓa hana maƙwabci jin rediyo ba.

Injiniya Samaru: Wannan kam akwai. Zangon AM ya kama daga kilohaz 531 zuwa 1602, ninkin 400 kuma 800 ne da 1200, duk a ciki. Doguwar wayar da ta hau hasumiya ta zama eriya. Ƙafafun AM0 zuwa AM2 na ai-si ɗin don haka aka yi su, a matsar da bugun zuwa 500, 600, 1000 ko 1200. A murɗe wayoyin lasifikar biyu tare kuma.

Nura Kongo: Ƙafafun da ake ba sifili ko ɗaya. Amma wai ba dijital ba.

Habu PZ: Ikon Allah. Na kawo kukan wat, an kwana kan harafi. Wa zai amsa mini?

Malam Isiya Gaskiya: Lissafin gajere ne. A BTL, iyakar abin da zai fita shi ne bolt ɗin batir a raba da 1.414. Bolt 12 ya ba da 8.5, wato wat 18 a om 4, wat 9 a om 8, wat 4.5 a om 16, kafin a cire asara. Saboda haka 14 ɗinka daidai ne. Takardar Texas Instruments cewa ta yi wat 50 sau biyu a om 4 da bolt 21, shi ma a gurɓata kashi 10. Wat 100 sai an haɗe tashoshin biyu sun zama ɗaya, PBTL, a om 2 da bolt 24. Ko an kai shi iyakarsa ta bolt 26, a tasha biyu da om 4, kowace ba za ta haura wat 84 da rabi mai tsabta ba.

Habu PZ: To ka ji. Kenan rubutun kwalin ƙarya ne ko da wace wuta aka ba shi.

Oga Sale Kwangila: Akwai mai ai-si biyu, kowanne PBTL. Wannan yana yi.

Habu PZ: Na ce ƙwaya ɗaya ce a ciki, Oga. Koma sama ka karanta.

Shugaban zaure, Alhaji Tanimu Sola: To jama'a, a tsaya haka. Abin da aka cimma: an yi ittifaki ajin D ba dijital ba ne, kamar yadda Injiniya ya yi bayani. An tabbatar ya fi AB nesa ba kusa ba ga mai sola. Matsalar Malam Habu ita ce ya ba fanel bolt 12 alhali 24 yake so. A jera batir biyu ko a sa busta, na'urar ɗaga bolt, mai ɗaukar amfiya 10, magana ta ƙare. Masu sayarwa 'yan'uwanmu ne, ba su suka buga kwalin ba, a daina kiran ha'inci. Akwai bustar a shago ga mai buƙata.

Nura Kongo: Ittifakin su wa, Alhaji?

Habu PZ: A bolt 24 ɗin ma wat 72 ne a takarda, Alhaji, ba 100 ba.