Gada da rufi kamar shago: mene ne amfaninsa?

Kafintan Katako:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena direban babbar mota ne a Amurka, jiya ya turo mini hoton wata tsohuwar gadar katako a jihar Fensilbaniya, da bango da jinka, sai ka rantse mangaza ce aka ɗora bisa ruwa. Shekarata 22 ina aikin katako a nan Yamai, amma abin ya ɗaure mini kai. Mai ƙetare gulbi minti nawa zai yi a kai har a yi masa inuwa? Ba asarar katako ba ce?

Dattijon Tawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kai da ke sana'ar ka riga mu sani. Ba don mutane anka yi rufin ba, don gadar ce. Dubi rumbunanmu na laka: in ba ka kifa masu hular ciyawa ba, damina nawa za su gani? Manyan katakan gefe su ne ke ɗauke da nauyi, in ruwa ya shiga mahaɗarsu, rana ta busar, ya sake jiƙewa, ruɓa ta kama. Gadar da ke buɗe da ƙyar take wuce shekara 20, mai rufi kuwa tana kai 100. Sauya jinka ya fi sauya ginshiƙi araha.

Malama Haro Banda:
Baba ya gama magana. In ƙara kaɗan: a Amurka ta farko da aka sani ita ce ta Filadelfiya, bisa kogin Schuylkill, a 1805, zamanin keken doki. Akwai wata ta 1866 tsakanin garuruwan Cornish da Windsor, can Amurka, har yau da allo a bakinta mai cewa ka bi da dokinka sannu ko ka biya tarar dala biyu. Dalar Amurka fa, ba tamu ta Sefa ba! Sukuwar dawaki tana girgiza gadar, shi ya sa. Abin da ya fi ba ni dariya, a zamanin da, lokacin sanyi sai an kwaso ƙanƙara an shimfiɗa a ciki, don kekunan da ake ja bisa ƙanƙara su samu wucewa, tunda rufin ya tare ta.

Sai dai wuta ba ta san rufi ba. Ta garin Lucerne a Suwizalan, wadda aka gina tun ƙarni na 14, gobara ta cinye mafi yawanta a 1993.

Kafintan Katako:
Na gode Baba, na gode Malama. Kunya ma ta kama ni, ni da kullum nake faɗa wa yaran shago su rufe katako da tanti kafin hadari. Amma a nan ko an yi mata jinka bakwai, gara ce za ta yi biki. Mahaifina ya ce kafin a gama gadar Kennedy ta nan Yamai a 1970, da jirgin fito suke ƙetare gulbi. Baba, azarar giginya fa, za ta iya ɗaukar amalanke?