Tallafin almajiran Maiduguri: kuɗi za mu tura ko mota za mu cika?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Mu 'yan layi ɗaya ne a Kantin Kwari. Tun da madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 muke haɗa abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, da niyyar almajiran da ruwa ya ci tsangayunsu. Yanzu kanmu ya rabu. Wasu sun ce a tura wa malamai kuɗi, wasu sun ce a sayi shinkafa da taliya a cika mota. Mutanen Borno, ku ba mu shawara.

Uwar Biyu, Gwange:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka. Na ga ambaliyar 1994 ina yarinya, amma wannan ta fi ta. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga Monday Market, har asibitin koyarwa bai tsira ba.

Abin da mutanen nesa ba sa lura da shi: almajiri a ƙofar gidajenmu yake cin tuwo. Ni yara uku ne ke kawo min robarsu kullum da magariba. Da ruwa ya tashe mu zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a nan Maiduguri, ni ma layin abinci na bi, wa zan zuba wa? Kuma masu rabo da magidanci suke lissafi, a rubuta mai gida da iyalinsa. Yaron da ubansa ke wani ƙauye can nesa, sunan wa za a rubuta? Don haka tsangayar ku nufa kai tsaye, kada ku tsaya bakin titi kuna miƙa leda, manya za su ƙwace.

Ma'aikaciyar jinya:
Shinkafa kowa yana kawowa. Sabulu fa? Ƙazuwa ta kama yaran nan, ga kwalara ta ɓulla bayan ruwa ya janye. Ku sa sabulu, maganin tsaftace ruwa, gishirin ORS na masu gudawa da gidan sauro. Ku 'yan Kwari ne, bargo da rigar sanyi a hannunku suke, hunturu kuwa ya kusa.

Alaramma:
Ni ina da ja kan zargin da ake ɓoyewa a cikin tambayar, wai kada malam ya cinye. Akwai masu ci, ban musa ba. To, kada ku ba shi a ɗaki. Ku kira bulaman unguwa da limami, a ƙirga yara a gabansu, a sauke kaya a gabansu. Hatsi ku saye shi a nan, kuɗin mota daga Kano ya isa buhu nawa? Sannan alluna sun tafi da ruwa, Alƙur'anai na warware sun jiƙe sun manne. Babu wanda ya tambaye mu wannan.

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, allo nawa ake sayar da shi yanzu a wajenku? Bargon mu za mu ɗauko daga nan, sauran sai mun iso.