Shin ya dace a haɗa nahawu da auna fahimta a ajin Turanci?

Malamar Turanci, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare. Ɗalibaina suna jin daɗin ƙagaggen labari, amma da zarar na kawo musu rubutun bayani a kan lafiya ko noma, sai su kasa gano manufar marubucin. Ƙa'idojin nahawu kuma sun haddace su, sai dai ba a ganin tasirinsu a rubutunsu. Shin in ci gaba da raba darussan biyu, ko in haɗa su?

Malami mai ritaya, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ki haɗa su, domin a jarrabawar WAEC ma a haɗe suke zuwa: a sashen auna fahimta akan ciro yankin jimla daga cikin rubutun, a tambayi sunansa na nahawu da aikin da yake yi. Ki samo gajeren rahoto daga jaridar Daily Trust, ki sa su ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da ma'anar kowane sakin layi, sannan su soke misalai da ƙarin bayani, domin abin da ya rage shi ne ake nema a tambayar taƙaitawa. Daga nan sai ki ɗauki jimla mafi tsawo, su fara nemo aikatau da wanda ya yi aikin, kasancewar yawancin rashin fahimta daga doguwar jimla yake farawa.

Malama, Katsina:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai, amma akwai inda ba a iya kauce wa atisaye na musamman. A Hausa, lokaci yana bayyana ne kafin aikatau, kamar "ya rubuta" da "zai rubuta", alhali a Turanci, idan aikin ya wuce, aikatau ɗin kansa ne ke sauya siffa. Shi ya sa yaranmu ke barin sa yadda yake ko da aikin ya wuce, kuma karatu kaɗai ba ya gyara wannan da wuri. Ni nakan ware mintuna goma a farkon darasi domin wannan kawai.

Malamar Turanci, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ajin nawa yana da cunkoso, ba kuma zan iya buga wa kowa kwafi ba, saboda haka zan riƙa rubuta sakin layi biyu a kan allo, su kwafa kafin mu fara.