Zogin jijiya: shawarwarin da aka tattara

Da yawa daga masu ciwon suga da waɗanda aka yi wa kimoterafi (maganin ciwon daji) kukansu ɗaya ne: tafin ƙafa na raɗaɗi kamar an taka garwashi, da dare ya fi tsanani. Paracetamol da ibuprofen ba su cika taɓa irin wannan zogin ba. Ga mai suga, likita kan zaɓi duloxetine, pregabalin, gabapentin ko amitriptyline. Bayan kimoterafi kuwa duloxetine ne bincike ya fi goya wa baya. Da kaɗan ake farawa, sauƙin kan ɗauki makonni, kuma don Allah kar a daina shan maganin farat ɗaya. Jiri da gyangyaɗi sukan zo da farko. Mai ciwon ƙoda ya sanar da likita, domin a rage masa gabapentin ko pregabalin.