Sunan da za mu ba cikin da likitoci ke kira ectopic

Jama'a, assalamu alaikum. Ungozomomi da masu yi wa mata bayani a unguwannin Asawase da Aboabo na birnin Kumasi a Ghana suna buƙatar suna guda ɗaya na Hausa ga cikin nan da likitocin asibitin Komfo Anokye ke rubutawa ectopic a katin mace, kalmar da asalinta Girkanci ne, ma'anarta abin da ba ya a mazauninsa, wato cikin da ya zauna ba a cikin mahaifa ba. Na bi shawarwarin sunayen da aka kawo, kuma ga inda na tsaya.

A cikin mata ɗari masu juna biyu, ɗaya ko biyu ne abin ke samu, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan ciki a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yake maƙalewa. Bututun ba ya buɗewa kamar mahaifa, saboda haka yakan fashe, galibi kafin ciki ya cika wata uku, jini ya riƙa zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Alamunsa ciwon mara a gefe ɗaya, ɗigon jini, jiri ko suma, wani lokaci har da ciwo a ƙarshen kafaɗa. Tun 1883 Lawson Tait ya yi nasarar yi wa irinsa tiyata a Ingila, kuma a yau idan an gano da wuri ana iya tsayar da shi da allurar methotrexate.

Wasu sun ce a kira shi ɓataccen ciki, amma duk wanda ya ji haka ɓari zai zo masa a rai. Cikin waje kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin a Zango, unguwannin Hausawa a Ghana, wannan magana zargi ce ga mutuncin mace, kuma wadda ke tsoron a yi mata wannan fassara ba za ta faɗa wa mijinta ko surukarta da wuri ba. Haka ma kwantaccen ciki, wanda iyayenmu ke cewa a yi haƙuri zai tashi, alhali wannan jira ne ke kashewa.

Cikin wajen mahaifa ya fi kusa, sai dai wajen yana ɗaukar ma'anar wurin, kamar a ce yaro ya tafi wajen kakarsa. Na fi son mu ce ciki a waje da mahaifa, sannan mu ƙara inda ya zauna: na bututu, na gidan ƙwai, ko na kogon ciki. Na ƙarshen nan shi ne mafi wuyar samu, kusan ɗaya cikin ɗari na irin waɗannan, inda mabiyiya ke kama hanji ko saifa, har ma hanta, kuma jefi-jefi ɗan tayin yakan girma a fito da shi da rai ta hanyar tiyata, ko da yake cire mabiyiyar na iya jawo zubar jini mai tsanani.

Saura wanda ke dasuwa a bakin mahaifa ko a tabon tiyatar haihuwa, wanda sunan bai rufe shi sosai ba tunda a jikin mahaifar yake. Ungozomomin da ke cikinmu su faɗa mana yadda suke bayyana wa mata shi a ɗakin awo.