Birkin baya na Golf 3 yana riƙewa, taya ɗaya na zafi: ta ina zan fara?

Baban Ummi

Assalamu alaikum masana harkar mota. Golf 3 ce gare ni, ƙirar 1996, inji 1.8, birkinta na baya mai durom ne. Tun da damina ta kankama tayar baya ta hagu take riƙewa. Da safe in na sauke birkin hannu motar ba ta son motsi, sai na ba ta wuta sannan a ji ƙas, ta saki. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba sai wilin ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ga ƙauri, ta dama kuwa lafiya ƙalau. Shan mai ma ya ƙaru. Ina da jak, sifanu, filaya da sukundireba, ina so in gyara a gida. Wani ya ce in sa a toshe fayif ɗin birkin wannan tayar in huta. Ta ina zan fara, kuma me zan saya?

Oga Mai Sifana

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar toshe fayif ka bar ta tun yanzu. Layin birkin Golf 3 a gicciye yake: gaba dama da baya hagu hanyarsu ɗaya, gaba hagu da baya dama hanyarsu ɗaya. In ka kashe taya ɗaya a baya, ranar da ka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi motar za ta fizge gefe. Kuma in matsalar ta birkin hannu ce, toshewar ba za ta hana zafin ba.

Kada ka sayi komai tukuna. Abin da ke riƙe birkin baya gida biyu ne: ko dai man birki ya shiga silinda ya kasa komawa, ko kuma ƙarfe ne ya cije, wato kebul, liba, fistin ko sifirin. Gwajin da zai raba maka su bai fi minti 10 ba.

Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka sa giya ta ɗaya, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Ka sassauta kusoshin wili da sifana lamba 17, ka ɗaga bayan, ka tokare da abin tokare na ƙarfe ko kututturen katako mai ƙwari. Bulon siminti yana fashewa ba shiri, jak kuma shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ka cire tayar, ka sauke birkin hannu, ka taka birkin ƙafa da ƙarfi sau 5, ka saki, ka juya durom da hannu. In ya ƙi juyawa, ka leƙa bayan faranti, wato ƙarfen da kayan birkin ke maƙale a jikinsa a bayan durom, za ka ga ɗan nonon cire iska a jikin silinda, galibi lamba 7 ne. Ka sa masa tiyo siriri zuwa cikin kwalba, ka buɗe shi kwatan juyi kawai.

In mai ya tsarto da ƙarfi, durom kuma ya saki nan take, to mai ne ya maƙale. Tunda taya ɗaya ce, wanda za a fara tuhuma shi ne tiyon robar da ke tsakanin jikin mota da ƙarfen gindi. Yana ruɓewa ta ciki alhali waje sumul, ƙarfin ƙafarka ya tura mai ya wuce, amma sifirin ba shi da ƙarfin mayar da shi. Da masta ce, wato babbar silindar da ke tura mai zuwa duk tayoyi, da ka ji tayar gaba ma na zafi. In kuwa ɗigo kawai ya fito kuma durom na nan a cije, mai ba shi da laifi, sai a buɗe durom.

Nonon nan yana karyewa in tsatsa ta ci shi. Ka fesa masa WD-40, man feshin da ke sakin tsatsa, tun da dare, ka kama shi da sifana mai zobe, ba mai buɗaɗɗen baki ba.

Baban Ummi

Na gode Oga, Allah ya saka da alheri. Na gwada, ɗigo biyu kawai ya fito, durom bai saki ba. Na kuma lura birkin hannu yana tashi sakwa-sakwa a farko kafin ya yi tauri. Na jijjiga durom ɗin ya ƙi fita.

Tsohon Bakanike

Ɗana, durom ɗin Golf 3 ba ya fita da jijjiga, domin shi ne gidan boris. Ka cire hular ƙarfen da ke tsakiya da sukundireba da ɗan bugun guduma. Za ka ga fil mai ƙafa biyu, ka miƙe shi ka zare, ka cire murfin da ke kulle noti, sai noti lamba 24, sai wosha, sai boris na waje. Ka jera su a kan tsumma mai tsabta yadda suka fito, kada yashi ya taɓa su.

Ko da ka cire duk wannan, lainin zai riƙe durom saboda leɓen da ci ya bari a bakinsa. A nan ne mutane ke ɓarna, su sa ƙarfe su banƙare faranti har ya lanƙwashe. Akwai hanyar da aka tanada. Ka juya durom har ramin kusar wili ɗaya ya zo sama, ɓangaren gaban mota, ka haska da tocila. Za ka hango ɗan ƙarfen ajasta mai siffar waigi, da siririn sifirin da ke jan sa ƙasa. Ka zura sukundireba ta ramin ka tura shi sama har ƙarshe. Lainin biyun za su ja baya, durom ya fito a hannu. In kebul ne ya riƙe har yanzu, ka sassauta notinsa a gindin sandar birkin hannu a cikin mota, ka bubbuga gefen durom da gudumar roba ko ta kan katako.

Da ya fito, ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, kuma kada ka warware gefe biyu lokaci guda, ɗayan shi ne abin dubawarka. Ƙurar ciki kada ka hura ta da baki ko da iska, tsofaffin lainin wasu na da sinadarin da ke lalata huhu. Ka wanke da feshin wanke birki, ko ruwa da ɗan sabulu, ka bari ya bushe.

Abin da za ka fara dubawa shi ne libar birkin hannu da ke maƙale a jikin lainin na baya. In birkin hannu yana ƙasa, dole ta koma ta kwanta a mazauninta. In ka gan ta a tsaye a tsakiyar hanya, ka zare kan kebul daga jikinta. Liba ta koma da kanta? Kebul ne. Ta ƙi motsi? Ƙusar da take juyawa a kai ce ta yi tsatsa. Yadda ka ce sandar na tashi sakwa-sakwa, hankalina ya fi kwanciya da kebul: ya ja bai koma ba, shi ya sa akwai ragowa a gaba.

Sai silinda. Ka ɗaga robar ƙura ta kowane gefe. In ka ga danshin mai ko jar tsatsa, ta gama aiki. Ka tura fistin ɗaya da yatsa, ya kamata ya shiga, na ɗaya gefen ya leƙo. Wanda ya ƙi, a canja silindar ɗungurungum, ba ta da tsadar da za a tsaya goge ta da samfefa.

Lainin in ya sauka zuwa milimita 2.5 ya ƙare. Haka in ya yi ƙyalli, ya tsattsage, ya sha mai, ko ya fara rabuwa da ƙarfensa. Wanda ya ɓamɓare yana cusa kansa tsakanin ƙarfe da durom ya kulle taya gaba ɗaya. Ana canja shi gefe biyu tare. Sifirin da ya sha irin zafin da ka faɗa ya saki, ka sayi sabon saiti. Faɗin durom ta ciki milimita 200 ne sabo, iyakarsa 201. Leɓen bakin ka goge shi da magagari. A jikin faranti akwai wurare 6 da lainin ke gogawa, ka kankare tsatsarsu, ka shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kada ya kusanci fuskar lainin. Wajen mayarwa, ɗan ƙullutun da ke jikin ajasta faranti yake kallo.

Ɗan Ƙofar Ruwa

Baba ya gama magana a kan cikin durom, ni kebul zan ƙara a kai. Za a ce maka ka ɗura masa baƙin mai ya saki. Zai saki, amma na ɗan lokaci, domin rigar robarsa ta riga ta tsage, ta nan ruwa da laka ke shiga, kuma zaren ƙarfen da ya fara tsinkewa a ciki mai ba ya gyara shi. Kebul biyu ne, kowace taya da nata, ka canja su tare. Ɗayan ma shekarunsu ɗaya. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, ka gwada tsawo da kawuna, domin na mai durom daban yake da na mai faifai. In na gwanjo za ka ɗauka, ka ja zaren da yatsu biyu, ya tafi ya dawo ba gargada, ka kuma murza rigar ka ga ba tsaga. Wajen sawa ka mayar da shi cikin maƙalansa na jikin ƙarfen gindi, in ya yi lilo taya za ta goge shi.

Saitin kuma ga shi: birkin hannu a ƙasa, ka taka birkin ƙafa da ƙarfi sau ɗaya don ajasta ta faɗa mazauninta. Ka ja sanda zuwa haƙori na 4, ka ɗaure notin nan biyu, lamba 10, daidai wa daida, har tayoyin su zama da ƙyar hannu ke juya su. Ka sauke sanda, dole su juya sakayau. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure kebul don a rufe cin lainin. Liba ba za ta koma gida ba, zafi ya dawo.

In ka ratsa ruwa ko an wanke motar, kada ka kwana da birkin hannu a sama. Lainin jiƙaƙƙe yana mannewa da durom, shi ne ƙas ɗin da kake ji da safe. Ka ɗan taka birki a hankali kana tafiya ya bushe, ka ajiye ta a giya da waigi.

Oga Mai Sifana

Malam, kada ka manta da boris. Zafin da ya hana ka taɓa wili ya narkar da giris ɗinsa. Ka wanke na ciki da na waje da kananzir, in ka ga sun yi shuɗi ko ramuka, ka canja su tare da zobbansu. In lafiya suke, ka cusa sabon giris ɗin boris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka sa sabuwar robar baya da sabon fil. Notin lamba 24 ba a ɗaure shi tamau. Ka ɗaura kana juya durom don boris ya zauna, ka sassauta, sannan ka matsa har inda woshar za ta iya ɗan gusawa in ka tura ta da bakin sukundireba da ƙarfin yatsa kawai. Ya fi haka tauri, boris ya ƙone. Ya fi haka sako-sako, taya ta yi rawa.

In ka canja silinda, notin fayif lamba 11 ne, kuma sai an cire iska. Man birki DOT 4 za ka saya, a rufe daga kamfani, lita 1 ta isa a sauya man duka. Man birki yana shan danshin iska, shi ke sa fistin tsatsa ta ciki, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2. Man giya, man sitiyari ko fetur kada su taɓa ko roba ɗaya ta birki, kumbura ta suke yi har masta ta toshe. Jerin cire iska: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Mutum ɗaya ya taka ya riƙe, kai ka buɗe nono ka rufe kafin ya ɗaga ƙafa, kana duba tankin mai kada ya ƙafe. In motarka na da na'urar raba ƙarfin birki a kusa da ƙarfen gindi, mai hannu da sifirin, ka tabbata hannun yana motsi, domin in baya na rataye a sama tana rage man da ke zuwa baya, iskar ta ƙi fita.

Kusoshin wili ka ɗaure su a gicciye, ma'auninsu 110 Nm in kana da sifanar awo. Kafin ka hau titi ka taka birki a tsaye ka ji ya yi tauri, ka gwada a layin da ba mutane. Ka yi kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, ka kusantar da bayan hannu ga wilin hagu da na dama. Ɗumi iri ɗaya ake nema. In hagu ya fi zafi har yanzu, kada ka watsa masa ruwa, durom na iya karkacewa. Ka bari ya huce, ka sake gwajin nono yana a cije, don tiyo da kebul suna iya lalacewa tare a motar da ta kai wannan shekaru.